Yadda Ake Raba Lokacin Zubo Labari da Lokacin Gyara Shi

Rubuta labari aiki ne, gyara shi kuma wani aikin ne daban, ko da yake mutum ɗaya ke yin su. Yawancin littattafan da suka mace a cikin waya ko a ƙasan akwati, haɗa ayyukan nan biyu a zama ɗaya ne ya kashe su. Za ka ga matashi a Gwallameji ko Fadaman Mada ya shekara yana juya babi na ɗaya. Ya rubuta layi uku ya goge biyu, ya koma ya sauya sunan tauraruwa, har zafin labarin ya huce a ransa. Can kuma ga wata da ke gama taifin bayan Isha'i ta tura wa masu karatu nan take, ko sake dubawa babu. Sai an kai feji na 40 a ga kawun da aka yi wa jana'iza a feji na 12 ya halarci ɗaurin aure.

A da akwai mai tsaya wa marubuci. Lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauchi, ya rubuta Shaihu Umar don gasar 1933, rubutunsa da na sauran waɗanda aka zaɓa sun bi ta Hukumar Fassara da ke Zariya ƙarƙashin Rupert East, aka tace su kafin su fito. Yau mafi yawanmu ba mu da wannan gatan. Kai ne marubuci, kai ne edita, sau da yawa kai ne ma mai talla. Dole ke nan ka iya ba kowane aiki lokacinsa, ka kuma hana ɗaya shiga gonar ɗaya. Ga tsarin da nake ganin ya fi fitar da mutum.

Mataki na farko: san inda ka nufa

Kafin ka rubuta jimlar farko, ɗauki takarda guda ka amsa tambayoyi huɗu: labarin wa ne, me yake nema, me ya tare masa hanya, kuma a ina abin zai ƙare. Misali, Jummai ce, mai masa a bakin kasuwar Wunti. Tana zubin adashi don ta biya wa ɗanta kuɗin jarrabawar gama sakandare, ana saura mako biyu ta kwashi nata uwar adashi ta ɓace. A ƙarshe za ta sayar da abin da ta rantse ba za ta taɓa sayarwa ba. Iyakar abin ke nan, kada ya wuce shafi ɗaya. Yawan komawa baya da marubuci ke yi a tsakiyar rubutu, galibi rashin sanin gaba ne ke kawo shi. Wanda bai san abin da zai faru a babi na biyar ba, sai ya fake da goge babi na ɗaya.

Mataki na biyu: zubo daftarin farko ba tare da waiwaye ba

Zaɓi lokaci ɗaya ka riƙe shi. Ga mai zuwa aiki ko kasuwa, bayan sallar Asuba ya fi, kafin gari ya ɗau hayaniya. Uwar gida kuwa wataƙila sai yara sun tafi makaranta ko sun yi barci. Ka sa wa kanka adadin da za ka iya cikawa ko a ranar da ba ka jin daɗi. Kalma 500 a rana ba ta da yawa a ido, amma cikin kwana 60 ta zama 30,000, ƙaramin littafi ke nan.

Kashe data. Kashe abin nan na kibod da ke sauya kalma da kansa, don ba abin da yake yi sai mayar maka da Hausa wani yare. In a kwamfuta kake, kashe jan layin da ke fitowa a ƙarƙashin kalmomi, domin duk lokacin da idonka ya faɗa kansa hankalinka zai bar labari ya koma gyara.

Doka ɗaya ce a wannan mataki: idan ka zauna, sakin layi na ƙarshe da ka rubuta jiya kawai za ka karanta, sai ka ɗora. Ba ka da izinin haurawa sama da nan.

Na san abin da za ka ce. Kana cikin rubutu zuciya za ta riƙa tsikarinka: wannan kalmar ba ta zauna ba, sunan unguwar nan anya daidai ne, ai tun a babi na biyu ya kamata a nuna mijin Jummai ya rasu. Wannan muryar ba maƙiyiya ba ce, ita ce za ta yi maka aiki nan gaba, kuma in ka ce za ka danne ta da ƙarfi ba za ta yi shiru ba. Abin da ke kwantar da ita shi ne ta ga an rubuta ƙorafinta. Saboda haka ajiye ƙaramin littafi a gefe, ko wani fayil daban, ka sa masa suna "Jiran gyara". Duk abin da ya taso ka rubuta shi a layi ɗaya: "Babi na 2, a nuna rasuwar miji." Sai ka koma kan labari ka ci gaba kamar ka riga ka gyara. In a babi na shida ka ga ya fi kyau ɗan Jummai ya zama 'ya mace, rubuta a littafin jira, daga nan ka ci gaba da kiranta Hauwa. Babobin baya su jira ranarsu.

Haka ma abin da ba ka sani ba. Ba ka tuna kuɗin mota daga Bauchi zuwa Azare a shekarar da labarin ya faru ba? Sa alamar tambaya uku a wurin ka wuce. Ranar gyara za ka nemo su duka a lokaci guda. In ka kunna data don tambaya ɗaya, ka san sauran zancen: sai rana ta take ka ga kana Facebook.

Idan za ka tashi, kada ka bari sai ka ƙare duk abin da ke kanka. Tsaya a inda ka san abin da zai biyo baya, Jummai ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa ƙofar uwar adashi, gobe ka samu bakin zare a hannu. Sannan ka tura wa kanka kwafi ta imel ko WhatsApp kowace rana. Waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Ga masu sakin labari feji-feji a intanet, ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: a gama daftari kafin a saki feji na farko. Abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ya fita hannunka, ba ka da damar komawa ka dasa abin da ƙarshen labari ke bukata. In hakan ya gagara, to a ƙalla ka riga masu karatu da feji goma, yadda wanda za ka saki yau zai zama ya kwana biyu a ajiye, an kuma duba shi.

Mataki na uku: ajiye shi ya kwana

Mai masa ba ta markaɗo shinkafa ta zuba a tanda nan take, sai ta rufe ƙullu ta bar shi ya tashi. Gajeren labari ka ba shi mako ɗaya ko biyu, littafi kuwa wata guda. A ranar da ka gama, abin da kake nufin faɗa ne kake gani a shafin, ba abin da ka rubuta ba. Sai ka ɗan manta sannan idonka zai koma irin na baƙo. A tsakanin nan ka karanta rubutun wasu, ko ka fara wani sabon abu.

Mataki na huɗu: duba ginin labari kafin komai

Nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya buɗe daftari ya fara gyaran waƙafi da aya a shafi na ɗaya, ya ɓata kwana uku yana ƙawata babin da a ƙarshe cire shi za a yi. Kuma da zarar ka sha wahala a kan babi, cire shi zai yi maka ciwo, sai ka bar shi ko da yana jan labarin baya. Don haka gyara daga babba yake farawa ya gangaro kan ƙarami.

In da hali, je shagon kwamfuta, irin waɗanda ke bakin jami'a a Yelwa, a buga maka shi a takarda da tazara tsakanin layuka. Abin da ido ya tsallake a fuskar waya yakan kama shi a takarda. Karanta shi daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya ko biyu, ba tare da gyara ko kalma ɗaya ba. Abin da za ka yi kawai shi ne sa alama a gefe: inda ka ji ka gaji, inda ka ruɗe, da inda ka ji tsikar jikinka ta tashi. Alama ta ukun nan ka ba ta muhimmanci, don ita za ta nuna maka wuraren da bai kamata hannun gyara ya taɓa ba.

Bayan nan ka jera babobin a takarda ɗaya, kowanne layi guda: me ya faru, me ya sauya. "Babi na 4, Jummai ta je gidan uwar adashi, ta tarar da kwaɗo a ƙofa." Wannan babi ya yi aiki. "Babi na 5, an yi hira a gidan biki." Me ya sauya? In babu, ko dai a cire shi, ko a sa wani abu ya faru a cikinsa. Yawancin daftarin farko yakan fara ne tun kafin labari ya fara, da wayewar gari da kukan tsuntsaye da tarihin kakanni. Nemo shafin da matsala ta kunno kai, ka gwada farawa daga can.

Yanzu ɗauko littafin jira ka bi shi layi-layi, ka kuma cike wuraren alamar tambaya uku. A nan za ka tantance lokaci da wuri. In labarinka a 1990 ya faru, babu Jihar Gombe, sai a 1996 aka cire ta daga Bauchi. Wayar salula ta GSM ba ta shigo ba sai 2001, takardar naira 1,000 kuma sai 2005. Daga Bauchi zuwa Gombe kusan kilomita 150 ne, ta Dindima da Alkaleri, don haka wanda ya tashi bayan La'asar ba zai isa cikin rabin awa ba. Cikin da aka samu da azumi ba a haife shi da babbar Sallah. Mai karatu ɗan gari in ya kama ka sau ɗaya a irin wannan, ya daina yarda da kai a sauran.

Duk abin da ka cire kada ka goge shi. Buɗe fayil ka sa masa suna "Ragowa" ka zuba a ciki. Sanin cewa yana nan yana sauƙaƙa wa hannu yanka.

Mataki na biyar: bi fitowa-fitowa, jimla-jimla

Sai gini ya tsaya sannan a shiga nan, kuma nan ne ya fi cin lokaci. Ga irin abin da daftarin farko kan zo da shi:

"Jummai ta tashi da sassafe da asuba kamar yadda ta saba yi kullum a kowace rana, sai ta sauke ajiyar zuciya, sai ta ji gabanta ya faɗi saboda tana cikin matsananciyar damuwa da tashin hankali a kan kuɗin da uwar adashi ta gudu da su, sai hawaye masu zafi suka zubo mata."

Ba laifi ba ne a rubuta haka ranar farko, aikinsa ke nan, ya riƙe maka wurin. Amma duba: "sassafe" da "asuba" abu ɗaya ne, "kullum" da "kowace rana" haka, "sai" ta fito sau uku, an kuma gaya mana damuwarta sau huɗu ba mu ga komai da idonmu ba. Ga shi bayan gyara:

"Jummai ta hura wuta tun kafin kiran Assalatu. Ta shafa mai a tanda, ta zuba ƙullu, ta zauna tana kallon littafin adashin da ke kan cinyarta. Ƙauri ne ya dawo da ita. Zubin farko duk ya ƙone."

Ba a ambaci damuwa ba, amma macen da ta shekara ashirin tana toya masa ta bari ta ƙone, mai karatu ya san abin da ke nan. Wannan ita ce tambayar da za ka riƙa yi wa kowane sakin layi: me za a gani, me za a ji, wanda zai ɗauke wa marubuci bayani?

Kowane marubuci yana da kalmomin da ke biyo hannunsa. Yi amfani da wurin nema na manhajar da kake rubutu, WPS Office ce ko Word ko Google Docs, ka sa "ajiyar zuciya", "murmushi", "nan take", "gabanta ya faɗi", "zaro ido". Adadin da za ka gani zai ba ka mamaki. Bar biyu ko uku inda suka cancanta. Haka siffanta tauraruwa tun daga gashi har yatsun ƙafa a shafi guda. Abu ɗaya da ya bambanta ta da sauran mata ya wadatar.

Maganar taurari kuwa da kunne ake gyara ta. Karanta da babbar murya, ko ka naɗa a waya ka saurara. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda harshenka ya sarƙe, yawanci tunanin da Turanci aka yi shi aka sa masa rigar Hausa, sai ka tambayi kanka yadda goggonka za ta faɗe shi. Lura da yadda mutane ke kiran juna. Tsohuwa mai alkunya ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba. A gidan Fulani a Gombe za ka ji Dada da Bappa da Adda da Hamma. Ɗan achaba da malamin tsangaya ba bakinsu ɗaya ba, in ka rufe sunayen ya kamata ka gane mai magana.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. A karin harshenmu na Bauchi ba mu cika bambance namiji da mace a ƙarshen suna ba, mukan ce "motan Alhaji", "riganta", alhali a daidaitacciyar Hausa "motar Alhaji" ne, "rigarta" ne. Shawarata ita ce a bar Bausanci a bakin taurari, domin shi ne ke sa a ji ƙamshin garin, kuma ban ga dalilin da zai sa Jummai ta Wunti ta yi magana kamar mai karanta labarai a rediyo ba. Amma muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciya, yadda na Sakkwato da na Damagaram za su karanta ba tuntuɓe. Duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa har ƙarshe.

Mataki na shida: ƙa'idojin rubutu

Wannan zagaye ne na kansa, kuma ba a karanta labari a cikinsa. Fara daga sakin layi na ƙarshe ka riƙa hawowa sama, don kada daɗin labari ya ɗauke maka ido.

Sa baƙaƙe masu lanƙwasa. Gboard, wato kibod ɗin waya na Google, yana da tsarin Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, a cikin saitin harsuna ake ƙara shi. Baki daban baƙi daban, fada daban faɗa daban, kare daban ƙare daban. Sai rabawa da haɗawa, inda aka fi zamewa: "ya ce" da "za su" a rabe suke, "gidansa" da "littafina" a haɗe. "Ba ya zuwa" ba "baya zuwa" ba. "A kan tebur" a rabe, "akan yi haka" a haɗe. "Masu" ta cikin "masu kuɗi" a haɗe take, ba "ma su" ba. Nemo kowannensu ɗaya bayan ɗaya ka bi su. A ƙarshe duba alamar zancen wani, ka tabbata duk wadda aka buɗe an rufe ta, ka kuma rage alamar motsin rai, guda ɗaya ta isa a inda ake bukatarta.

Mataki na bakwai: ba wasu su karanta

Mutum biyu ko uku sun isa, masu karatu na gaske waɗanda ba sa jin nauyinka. Mahaifiya da masoyi za su ce ya yi kyau, kuma har zuciyarsu suke faɗa. In kana zuwa zaman karatu na marubuta, kamar na ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, mai rassa a jihohi, ka nemi wanda ka ga yana faɗin gaskiya cikin ladabi. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi. Tambaye su a ina suka ajiye shi suka tashi, a ina suka ruɗe, wane tauraro suka manta da shi. In biyu suka nuna wuri ɗaya, akwai matsala a wurin ko da ba ka gani. Maganin da za su ba ka kuwa ka saurara ka yi godiya, amma kai ka san labarinka, kai za ka nemo wanda ya dace.

Mataki na takwas: san lokacin ɗage hannu

Gyara ma yana da haɗarinsa. Akwai wanda zai yi ta gogewa har ya cire duk abin da ke da rai, ya bar jimloli masu tsabta waɗanda kowa ma zai iya rubutawa. Shi ya sa ba a gyara a kan daftarin farko. Yi kwafi, sa wa kowane zagaye suna da kwanan wata, ka bar na asali yadda yake. Idan ka gama, koma wuraren nan da ka sa wa alamar tashin tsikar jiki ka gwama tsoho da sabo. In tsohon ya fi zafi, ko da yana da ɗan karkata, mayar da shi.

Ka yanke wa gyara wa'adi tun farko. Zagaye uku ko huɗu sun ishi yawancin labarai. Ranar da ka ga kana cire waƙafi da safe kana mayar da shi da yamma, aiki ya ƙare. In kuma kana son hannunka kada ya yi sanyi a tsawon makonnin gyara, ka ba safiya sabon rubutu, yamma kuma gyaran tsoho, muddin ba labari ɗaya ba ne.

Ga 'yan'uwa mata masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, an saba neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. Kada ki riƙa ƙirga kalmomi kina cikin rubutu. Bari ya kai 2,000 in ya so, ki ajiye shi, sannan ki yanko shi zuwa adadin da aka nema. Ki gama daftari a ƙalla mako uku kafin ranar rufewa don matakan nan su samu wuri, ki kuma karanta sharuɗɗan shekarar da kanki, domin sukan sauya.

Kafin ka tura ko ka kai maɗaba'a, buɗe fayil na ƙarshe a wata wayar daban ka duba ko baƙaƙe masu lanƙwasa sun fito daidai, don wasu nau'o'in rubutu kan mayar da su akwati-akwati ko alamar tambaya. In hakan ta faru, sauya nau'in rubutun, ka mayar da fayil ɗin PDF, ka sake dubawa. Ka nemi maɗaba'a ta buga maka kwafi ɗaya na gwaji ka karanta shi shafi-shafi kafin ka sa hannu a buga sauran.